Mma Hawawu da Taurarin Baba Subra

Jama'a a dare, a ba manya hanya! Ga Mma Hawawu ta unguwar Aboabo a Kumasi, sarauniyar hawa na biyar a Morris Heights ta Bronx, mai farin takalmi uwar tsofaffin New York, wadda jirgin ƙasa mai lamba huɗu ya haddace ƙamshin man zafinta. Shekara goma sha bakwai tana jinyar tsofaffi a gidajensu, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa yarda da ɗan Adam ba. Ka ce mata atamfarta ta yi kyau, sai ta kai hannu ta taɓa jakarta.

A 2014 tsohuwar da take kula da ita ta rasu, ta yi sati biyar a zaune. Sai ejensi mai samo mata aiki ta tura ta Queens, gidan wani dattijo Ba'indiye mai ciwon suga, Mista Subramaniyam, wanda ta yanke wa suna Baba Subra don harshenta ya huta. Aiki ne na kwana biyar cur a sati, irin wanda ba ya zo wa mai ciwon gwiwa sau biyu. Matsalar ɗaya ce: tsohon ya riga ya kori mata shida.

Ranar farko bai nemi takardar shaida ba. Ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Wace rana aka haife ki? Ƙarfe nawa? A wane gari?"

Ta ƙanƙame jakarta. A saninta mutum biyu ne ke wannan tambayar, ɗan imigireshan da boka, kuma wannan tsohon da farar toka a goshi bai yi kama da na farkon ba. 'Yarsa Lalita ta ja ta kicin ta ce, "Kada ki damu, taurari yake dubawa. In naki ba su dace da nasa ba, shi ke nan."

"Shi ke nan me?"

Lalita ta kalli ƙofa.

Mma Hawawu ta yi a'uziyya a zuci, ta zaro katinta ta karanta masa: ɗaya ga Janairu, 1965, Kumasi. Ƙarfe nawa kuwa ta ce shida na safe, don shi ne ya fara zo mata baki. Tsoho ya buɗe kwamfuta da wani littafi mai kauri, ya zana akwati ya tsaga shi gida goma sha biyu. Can sai ya buga tebur.

"Gajakesari!"

Ta ja da baya, ta zaci sunan aljani ne. Ashe a lissafinsu, in Wata da tauraron Mushtari suka zauna a kusurwar juna ranar haihuwar mutum, ana kiran haɗin giwa da zaki, mai shi yana tafe da sa'a da kwarjini. Ta ce, "To." A ranta kuwa ta ce giwar da ke canza jirgi biyu kafin ta zo wanke wa wani ƙafa, lallai giwa ce.

Wata takwas abu na tafiya. Ba ya shan magani sai daga hannunta. Suga ya sauka, ya ce Mushtari ne. Ita ta san gwangwanin alewarsa da ta ɓoye bayan injin wanki. Duk da haka ba ta saki jiki ba. Gashinta ba ya faɗuwa a gidan, ko farce ta yanke sai ta ƙulle a tishu ta kai Bronx.

Ranar da ta je cire haƙori, ejensi ta aiko Shamima 'yar unguwar Nima ta riƙe mata. Tsoho ya yi tambayarsa. Shamima ta ce ɗaya ga Janairu. Ya ɗaga gira. Bayan sati biyu Braimah mai tasi, wanda Mma Hawawu da kanta ta samo don kai shi asibiti, shi ma aka tambaye shi a kan hanya. Braimah sarkin surutu ya ce, "Ɗaya ga Janairu, Baba! Ni da yayana da matar yayana. A Zango, can gida, in ba a rubuta ranarka ba, mai cika fom shi ke raɗa maka. Sabuwar shekara duk biki ɗaya muke yi."

Mma Hawawu na kujerar baya. Ta tokari bayan kujerarsa da gwiwar mai ciwon, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Da suka koma gida tsoho ya zaunar da ita. "Wata takwas ina shan magani daga hannun taurarin wani ma'aikacin fasfo," ya ce. "Ke wace ce?"

"Ni ce mai juya ka kada bayanka ya yi gyambo."

"Ina son ranar gaskiya. In babu, Litinin Lalita ta kira ejensi."

Ta auna abin a ranta. In ta ba shi ranar, ya riƙe ta a hannu. In ta hana, ta koma zaman gida tana kallon silin. Ta ce uwarta ta gaya mata Talata ce, bayan la'asar, saura kwana biyu Babbar Sallah.

"Wace shekara?"

"Shekarar da kakata ta karye a ƙafa."

Ya dafe kai. Amma da ya gane Sallah da wata take tafiya, sai idonsa ya yi haske, don su ma da wata suke ƙidaya. Kwana uku yana neman shekarar da takwas ga wata ta faɗo Talata. Ya samo biyu. Ɗaya ta ƙara mata shekaru, ta ce bai isa ba. Ya ɗauki ɗayar.

Litinin ta zo da jakarta a rataye, ba ta ko cire kot ba. Ya shimfiɗa sabon zane. Babu giwa, babu zaki. Tauraron Zuhal ne, in ji shi, ya yi zaman dirshan a gidan sana'arta: wahala mai tsawo, hidimar tsofaffi, taurin kai.

Ta juya za ta fita.

"Ina za ki?" ya ce. "Mai giwa da zaki wata rana zai samu abin da ya fi ni ya tafi, kullum ina fargabar haka. Mai Zuhal ba ya zuwa ko'ina. Kawo maganin."

Ta daɗe tana kallonsa, tana neman inda tarkon yake. Sannan ta cire kot.

Da ta ba ni labarin a kicin ɗinta tana kwaɓa waken ƙosai, na miƙe na sara mata na ce, "Kai, Mma! Ashe ke Talatu ce, jikar mai karyayyar ƙafa, 'yar gaban goshin Zuhal! Tarihi zai rubuta ranar nan."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wa ya ce maka Talata ce? Sauke min shara in za ka fita."