Zalika Ɗan Bala da Ciwon Ƙafar da Babu

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, da wanda ya gama aikinsa da wanda bai gama ba.

Ranar Talata, sha biyu ga Sha'aban, wadda 'yan lakol, wato 'yan boko, ke kira 11 ga Fabrairu 2025, ina zaune ƙofar gidana a Cadawa ina wasa aska bayan azahar, sai ƙanenki Abdulrahaman ya zo ya durƙusa, ya ce mini Allah Ya karɓi ranki a Yamai. Farfesa Zalika, ɗiyar aminina marigayi Ɗan Bala, wadda ta ƙarar da kwanakinta tana bin sawun ciwo a jikin ɗan Adam, daga inda yake tashi har inda yake sauka.

Ni ne Nomau Wanzami. Ban yi lakol ba. Ɗan baƙin nan da nake ja, da furfurata na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, kuma ban yarda kowa ya gyara mini shi ba. Manyan buro, masu ofis, sun yi jawabinsu a rediyo, na saurara. Babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa yin gardama da ke. Ni na yi, shekara ashirin da biyar.

Ga wanda bai san ni ba: amalanke ne ya kife da ni a hanyar Gazawa da buhunan wake a kai, aka yanke mini ƙafar hagu ƙasa da gwiwa a Maraɗi. Rauni ya warke sarai. Amma babban yatsan ƙafar nan da aka binne bai daina zogi ba, kamar an matse shi da awartaki. In na kai hannu in sosa, sai in sosa tabarma. Da na faɗa a kasuwa, Surajo Mahauci ya ce ya yanka awaki dubu bai taɓa jin akuya tana kukan cinyar da aka sayar ba. Shi ya laƙa mini suna Ƙafar Iska. Dariya ce a wurinsa. Ni kuwa sana'ata ce ta mutu, don wa zai miƙa kan jaririnsa ranar suna ga askar mutumin da ke jin abin da babu? Shekara shida zabirata tana rataye. Waɗanda suka ɗauke kansu zuwa wani wanzami, na san su gida gida, ban manta ba.

Sai kika dawo hutun salla daga karatunki na Dakar da ƙasar Sin. Kika zo gaishe ni, kika zauna kan turmi ta gefen hagu, wurin da babu ƙafa. Kowa cewa yake, "Da gaske kake ji?" Ke kika ce, "Baba, wane iri ne? Zogi, ko raɗaɗi, ko suka, ko ƙuna?" Ashe tambayar da nake jira ke nan.

Daga baya na ji kin bi ƙauyuka tun daga Gazawa har Gidan Rumji kina tara sunayen ciwo a bakin tsofaffi: sara na kai, murɗa na ciki, tsami na gaɓoɓi. Kika ce kowane suna da hanyar da yake bi a jiki. Har yau ina mamaki, yaya aka yi kakanninmu suka rarrabe su haka ba tare da injin ko ɗaya ba?

Faɗanmu na farko a kan jijiya ne. Ni na ɗauka ƙafar ce aka binne a lanƙwashe, har na so a je Maraɗi a tono ta a miƙe. Kika ce ciwon ba ya cikin rami, jijiya ce ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Na ce ƙarya ne, shekara arba'in ina kauce wa jijiya da aska, jini take ɗauka, ba saƙo ba. Kwana uku muna musu kafin kika fashe da dariya, kika ce ashe ba abu ɗaya muke nufi ba. Hausa ta ba abu uku suna ɗaya: mai ɗaukar jini, da mai ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda kike nufi, farar nan siririya. Na ce to taki a kira ta 'yar aike, tunda gulmar jiki take kai wa kai. An ce mini da sunan nan kike koyar da ɗalibanki na Hausa. Ban ji an ce daga bakin wa ya fito ba.

Abin da ya mayar mini da mutuncina, ranar kasuwa kika yi shi, da ƙayar aduwa biyu. Kika sa Surajo ya rufe ido, kika taɓa kan yatsansa da su, ya ce biyu. Kika taɓa gadon bayansa da su, tazarar yatsa biyu tsakaninsu, ya rantse ɗaya ce. Jama'a suna kallo, ƙaya biyu. Kika ce, "To, Kawu Surajo, kai ne maƙaryacin ko bayanka?" Ya ce, "Wallahi ɗaya na ji!" Kika ce, "Shi ma Baba Nomau abin da ya ji yake faɗa." Cikin satin nan aka kira ni askin suna biyu. Surajo bai ba ni haƙuri ba har yau. Ya dai aiko da hanta.

Sai allurarki ta ƙasar Sin, siririya kamar gashin wutsiyar doki, ba ruwan magani cikinta. Na ce wannan ai tsagarmu ce aka yi wa wanka. Kika soka ta a ƙafata mai lafiya, zogin waccan ya lafa kwana biyu, wani zuwan kuma bai lafa ba. Na tambaye ki dalili. Kika ce kin auna a kan mutane da yawa, wani abin kin gano, jiki yana da nasa maganin zafi da yake saki, amma sauran, "Baba, ban sani ba tukuna." Ni a sana'armu ba a faɗin wannan kalma gaban mai ciwo. Na daɗe ina ganin kasawa ce. Yanzu ban tabbata ba.

Ƙorafina babba, kin san shi. Da littafin bincikenki ya fito, kika nuna mini shafin da ke maganata. Na duba da kyau, babu Nomau. Lamba Bakwai kika sa. Kika ce ƙa'idar aikinku ce, rufin asirin mai ciwo. Wane asiri, Zalika? Ƙafa ce babu, duk Cadawa ta gani. Na ƙi amsa gaisuwarki salla biyu. Kika ci gaba da zuwa kina zama kan turmin nan, kina tambayata ko zogin ya sake kama, har na gaji da fushi.

Zuwanki na ƙarshe na tambaye ki, mi ya sa ƙwaƙwalwa ba ta haƙura? Shekara talatin an ce mata ƙafar ta tafi. Kika ce kowace gaɓa tana da wurin zamanta a cikin kai, in an yanke gaɓar, wurin yana nan, yana sauraro. Kika ce in kin dawo bayan azumi za ki ƙara mini bayani. Na tara miki tambaya huɗu.

Jiya da la'asar yatsan ya motsa. Na juya hagu in ce miki yau suka ne, ba zogi ba. Turmin kawai na gani, ba kowa a kansa. To, ɗiyata, wannan darasin ba sai kin dawo ba, na gane shi. In kina da littafi can, ki rubuta cewa Lamba Bakwai ya yarda. Jijiya dai, har gobe, mai jini ce ta asali.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya sa duk zafin da kika rage wa wani ya zama sanyi a kabarinki, Ya sauke ki gidan da babu zogi, babu raɗaɗi, babu ƙuna. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanta Alhaji Faruku, da ɗiyarta Zahra'u, da Abdulrahaman da dukan gidan Ɗan Bala, da ɗalibanta waɗanda ban sani ba. Allah Ya ba ku haƙuri. In ɗaya cikinku ya gaji aikinta, tambayoyina huɗu suna nan, turmin ma yana nan.

Nomau Wanzami, Cadawa. A rubuta sunan.