Dutsen Sailuba

Duk wanda ya ga Malam Aƙilu a gindin dutsen Kufena yana tsintar tsakuwa yana lasa, sai ya ɗauka ya taɓu. Lafiyarsa ƙalau. Sana'arsa gyaran duwatsun zobe, kuma a cewarsa dutse ba ya nuna launinsa sai ya jiƙe. Zaurensa na kallon nawa a cikin birni, shi ya sa na san aikinsa: ya ɗumama dutse, ya liƙa shi da danƙo a kan ɗan itace, ya bari ya huce, sannan ya yi ta gogawa da ruwa har ya zama kamar rabin wake mai sheƙi.

Tun suna amarci matarsa Sailuba ta tsinci wani koren dutse mai jan zare a tsakiya, ta ce ya yi mata zobe. Ya lasa, ya yaba, ya ce gobe. Goben nan har sai da suka aurar da 'ya'ya. Ya yi wa alhazai, ya yi wa malamai, ita kuwa kullum, "Malam, dutsena fa?" sai ya yi dariya.

Da aka kwantar da ita a asibiti, ya ɗauko dutsen a gaggauce. Mutumin da kullum yake gaya mana sauri ya haifi nawa, shi ne ya tsoma dutse a ruwa tun da zafinsa. Ya rabe biyu.

Sai ya zaɓi wani mai kama da shi, ya goge, ya kai mata. Ta jujjuya shi, ta yi murmushi.

"Malam, wannan ba nawa ba ne. Ina jan zaren?"

Ya sunkuyar da kai, ya faɗa mata gaskiya.

"To, kawo mini nawa a yadda yake," in ji ta.

Washegari ya isa da ɓari biyun a aljihu, ya tarar an rufe ta da zane.

Wallahi har yau abin na ci mini rai. Yana nan yana yi wa mutane aiki, amma bai goge ɓari biyun nan ba. Wani lokaci sai in hango ya ciro su, ya lasa, ya ƙura musu ido har launin ya bushe.