Zunnu Mai Sinuka da Baƙar Sandar da Ya Sayar a Magama

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, Allah Ya karɓi ran Zunnuraini Rabe, wanda mutanen Jibiya suka fi sani da Zunnu Mai Sinuka, bayan jinyar ciwon ƙoda a Katsina. An yi masa sutura a Jibiya bayan sallar la'asar. Ya bar matarsa Habsatu da 'ya'ya huɗu. Ni Yahaya, abokinsa tun yarinta, na tsaya a maƙabarta da magana a bakina, na kasa faɗin ta. Ita ce zan rubuta a nan.

Zunnu, mutane da yawa sun ɗauki sana'arka wasa. Suna ganin teburan sinuka biyu a rumfarka ta kusa da tasha, direbobi da 'yan dako suna buga ƙwallaye suna shewa, sai su ce da wannan kake ci da iyali. Ba su san cinikinka na gaske yana ɗakin baya ba, inda kake ajiye sandunan sinuka na hannu, masu shigowa cikin kayan gwanjo daga Kwatano ta Maraɗi. Yawancinsu na kamfani ne, kuɗinsu bai wuce na takalmi ba. Amma jefi-jefi akan tsinci wadda wani gwani a ƙasar waje ya sassaƙa da hannunsa ya rubuta sunansa a gindinta, irin wadda masu tara su a Abuja da Yamai suke nema ido rufe. Kai ka koya mini cewa irin wannan ba ta faɗuwa don ta tsufa. In mai yin ta ya mutu ma, kuɗinta tashi yake yi. Kakan mirgina sanda a kan tebur, ka sunkuya kana kallon ko za ta yi rawa. Kakan duba ƙusar da ke haɗa rabin sama da na ƙasa, ka shafa jikinta ka ji ko wani ya sake mata fenti, domin sabon fenti, in ji ka, yana ƙara mata kyau ya rage mata daraja.

Nasiru direba bai manta ranar da ya kawo maka wata sanda da ya tsinta cikin dilar kaya ba, yana neman ka ba shi ko na shan mai. Ka juya ta, ka karanta gindinta, ka mayar masa ka ce wannan ta fi ƙarfin abin da ke aljihunka, ya bari ka nemo masa mai saye. Da kuɗinta ya sauya tayoyin motarsa, kai kuwa la'adarka kawai ka karɓa.

Akwai ɗaya da ba ka sa ta a kasuwa ba. Baƙa ce wuluk, da kwalliyar azurfa da aka dasa mata a itace, tana kwance cikin doguwar jakar fata. Wani mutumin Abuja ya taɓa taya ta naira miliyan uku ka ƙi. Ka ce ita ce gidan da za ka gina wa Habsatu, kana jira ta ƙara tashi.

Sai daminar 2023 ta zo. An rufe iyaka, manyan motoci suka yi layi a Magama, kasuwa ta mutu, ba mai kuɗi a hannu. A cikin wannan hali ne 'yan bindiga suka tare motar da matata Ummusalma take ciki, tana dawowa daga barkar haihuwa a Daddara, suka shige daji da ita. Da wayarta suka kira ni. Suka bar ni na ji muryarta, suka yanka abin da suke so, suka ce in Juma'a ta wuce kada in ƙara neman su. Na sayar da gonata ta Kusa da babur ɗina, dangi suka haɗa abin da suka iya. Aka tashi saura miliyan ɗaya da rabi, ba kuma sauran ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba.

Ban roƙe ka ba, Zunnu. Ko a raina ban kawo sandar nan ba. Kai ka same ni zaune a ƙofar gida, jakar tana rataye a kafaɗarka, ka ce, "Tashi mu tahi."

A hanya ka yi mini bayani. Mutumin Abuja yana nan a kan tayinsa, amma ba ya biya sai an kai masa ya gani, ya kuma aika hotuna waje an tabbatar masa, abin da zai ci makonni. Wanda zai biya nan take shi ne Alhaji Zubair, mai otal a Maraɗi, wanda shi ma ya san sanda kamar yadda ka san ta. Ya yarda zai biyo hanyar daji a kan babur ya same mu a gidan wani abokin cinikinsa a Magama.

Ba mu kai ba sai da 'yan sa-kai suka tsare mu. A lokacin duk wanda aka gani da dogon abu a naɗe, bindiga ake zato. Mutum uku suka saita mu da bindigogi, ɗaya yana daka tsawa a ajiye jaka a ja da baya. Kai ka ɗaga hannu ɗaya sama, ka durƙusa a hankali, ka zuge jakar da ɗayan, ka fito da rabi biyun ka murɗa su suka haɗu a gaban idonsu. Babbansu ya karɓa ya jinjina, ya leƙa bakinta ko da rami, ya sa gwiwa kamar zai gwada karya ta. Ka ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri da ita, ran mutum ke rataye da ita." Ya dube ka, ya dube ni, ya miƙo maka.

Alhaji Zubair ya riga ya ji labarin Ummusalma, domin ba abin da ke ɓoyuwa a bakin iyaka. Na gane haka daga yadda ya zauna bai gaggauta komai ba. Ya mirgina sandar a kan tebur, ya haska sunan mai yin ta da fitilar waya, ya shinshina itacen. Yana shirin yin tayi sai ka tare shi. Ka ce rabin saman ba na asali ba ne, wani ne ya sauya shi tun kafin ta zo hannunka, ya sani kafin ya saya. Na ji kamar in toshe maka baki. Aikin ya yi kyau ƙwarai, da ka yi shiru wataƙila da bai lura ba. Ya gyaɗa kai, ya faɗi tayinsa da sefa. Da aka juya shi naira bai kai miliyan ɗaya ba.

Daidai nan wayata ta yi ƙara. Lambar Ummusalma ce. Ɗakin ƙarami ne, kowa ya ji abin da mutumin ya faɗa, ya kuma ji kukan da ke bayansa kafin ya kashe. Na tabbata ciniki ya lalace, domin mai saye ya ji iyakar inda muka matsu.

Sai ka kwance sandar, ka mayar da ita jaka, ka ɗora hannu a kai. Ka ce, "Alhaji, ka san abin da ya kawo mu, ni ma na san ka sani. Miliyan ɗaya da rabi muke biɗa. Ko da aibin da na gwada maka, ta hi haka nesa ba kusa ba, kai ma shaida ne. In ka rage, ba ta yi mamu amfanin komi, gara in koma da abina."

Ya daɗe yana kallon jakar, ni ina kallon bakinsa. Can ya ce, "Har da jakar." Ka ce har da ita. Ka tura masa da hannunka, ba ka sake waiwayar ta ba.

Da aka kai wa 'yan bindigar kuɗin, Ummusalma ta dawo gida ƙafafunta a kumbure, ta rame har sai da 'yarmu ta ƙi zuwa wurinta, amma ta dawo da ranta. Bayan 'yan watanni labari ya iso cewa Alhaji Zubair ya sayar da sandar a Yamai fiye da ninkin abin da ya ba mu. Na zo rumfarka ina huci, ina cewa ya ci da guminka. Kana goga alli a bakin wata sanda ka ce, "Shi sanda ya zo biɗa, ya samu. Mu mi muka tahi biɗa? Ba ga ta can gida tana tuwo ba?" Daga nan ka sa na yi maka alkawarin ba zan gaya mata inda cikon kuɗin ya fito ba. Ka ce ba ka son ta riƙa sunkuyar da kai in ta gamu da Habsatu a gidan biki. Gidan nan kuwa ba ka gina shi ba. A gidan haya ka yi jinya, daga nan aka ɗauke ka zuwa asibiti.

Na riƙe alkawarin muddin kana raye. Da muka dawo daga maƙabarta na zaunar da Ummusalma na gaya mata duka. Ba ta ce uffan ba. Ta tashi ta ɗauki hijabinta da tabarma ta nufi gidanka, har yau kuma can take wuni, ita ke girki, ita ke karɓar masu gaisuwa tare da Habsatu.

Ina da roƙo ɗaya ga abokan cinikinka. Tun ba a yi sadakar uku ba wasu suka fara aikowa suna taya sandunan da ka bari, suna cewa a haɗa su duka a yi musu kuɗi ɗaya, don sun san Habsatu ba ta san bambancin wata da wata ba. Ku ji tsoron Allah. Dukiyar marayu ce, kuma mai ita bai taɓa cin amanar rashin sanin kowa ba. Ni da Nasiru mun rufe ɗakin, ba za a taɓa komai ba sai an kira waɗanda suka san darajarsu sun duba ɗaya bayan ɗaya a gaban magada.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Habsatu da 'ya'yanta, da mahaifiyarsa Hajiya Salmatu, da 'yan'uwansa na Jibiya da Maraɗi, da duk waɗanda suka saba zama a rumfarsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari cikin albarka, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ta daji.

Ya Allah, bawanKa Zunnuraini ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Shi ne ya fitar da baiwarKa daga hannun azzalumai da abin da ya fi so a dukiyarsa, Ka 'yanta wuyansa daga wuta, Ka saukar da shi a Aljannar Firdausi. Amin.