Disket a Aljihun Kawu

Jiya ina gyaran ɗaki na tsinci tsohuwar disket, ɗan faifan ajiye rubutu, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Zamanin mulkin soja, yana da odinatar, wato kwamfuta, a gidansa na Gaya, inda yake buga tarihin garin Bana daga bakin tsofaffi, da yatsa ɗaya, yana bisimilla. Ya rubuta purogaram mai barin babban faifai C ya koma disket A da kansa, ya share tsohon kwafi, ya zuba sabo.

Wata la'asar ina dafa masa shayi ya kunna purogaram ɗin, alhali disket na aljihunsa. Purogaram ya kasa komawa A, ya yi shararsa a C, inda rubutun yake.

"Kawu, ina rubutun?" na tambaya.

Ya kalli allon wayam, ya taɓa aljihu. Shayi ya tafasa ya zube kan gawayi, ba wanda ya motsa. Kwafin disket na tun damina ne, kuma wasu tsofaffin sun rasu.

Da safe ya hau babur, ya nufi Bana wurin waɗanda suka rage.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa.