Ranar da gugana ya faɗa rijiyar maigidana

Ni tsohuwa ce 'yar Tsibiri, ban taɓa riƙe alƙalami ba. Maƙwabciyata malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ke rubuta wannan, ina faɗa tana dariya, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da fita takaba ba. Maigidana ya bar mini gida da rijiya a tsakiyarsa, wadda ya haƙa da hannunsa ina amarya, kuma har yau in na leƙa ta sai hawaye. Allah ya ji ƙansa. Mutum ne mai sanyin hali, kullum faɗansa da ni ɗaya ne, in riƙa yi ina hutawa. Ni kuwa tun ina yarinya garaje gare ni.

A bakin rijiyar nan santsi ya kwashe ni, na karye a hannun dama. Mai ɗori ya yi aikinsa, ƙashi ya kama, amma da aka kwance sai ga hannu ya tsotse kamar karan dawa, ko ludayin fura rawa yake a cikinsa. Babban ɗana mai sayar da atamfa a Sabon Gari ya ce in tattara in koma wurinsa Maraɗi, a rufe gidan. Na ce masa ɗakin ubansa sai dai a fitar da ni a makara. Da ya gaji da ja sai ya kafa mini sharaɗi: in na jawo guga cike da hannuna a gabansa zai bar ni, in na kasa in bi shi ba gardama.

Ya riƙa aiko ɗan kabu-kabu yana kai ni likita, wurin wata ma'aikaciya da ake kira kine, mai aikin farfaɗo da gaɓoɓi. Takan liƙa mini wasu 'yan faifai masu waya a hannu, ta kunna na'ura, kuran, wato lantarki, ya shiga naman. Ranar farko da na ga yatsuna sun dunƙule ba da izinina ba, salati na saka har waje aka ji. Wata tsohuwa 'yar Jiratawa mai ciwon gwiwa, da ke gadon kusa da ni, ta ce in kwantar da hankalina, hannun ne ya tuna rawar amarcinsa. Tun ranar muka ƙulla ƙawance, tana kirana mai hannun bori, ina kiranta mai ƙafar fara.

Abu ɗaya ke ba ni haushi. Na'urar takan damƙe hannun, ta sake shi, ta yi shiru, sannan ta ƙara damƙewa. Shirun ma ya fi aikin tsawo. Na ce wa kine injinta raggo ne, ta hana shi gyangyaɗi, sai ta ce shirun ma magani ne. Ban yarda ba. Da ƙawata ta gaya mini ana sayar da ƙaramar irinta a kasuwa, mai aiki da pil, wato batir, na sa ɗan kabu-kabu ya tsaya na saya, na ɓoye a cikin kwalla.

Safiyar da ɗana zai zo gwada ni, sai na yi tunanin masu kiwo, yadda suke ɗura wa rago dusa da kanwa in za a kai shi kasuwa. Na liƙa faifan, na murɗa har sai da na samu wurin da take zuzu ba ƙaƙƙautawa. Hannu ya damƙe tamau, na sa masa taɓarya ya riƙe kamar na budurwa. Guɗa na rangaɗa ni kaɗai a tsakar gida! Na bar shi yana shan kuran har na ji ƙarar mota a ƙofa.

Maƙwabta suka taru, na ci ɗamara, na zura guga ya cika. Ja na farko lafiya, na biyu da ƙyar, sai na ji yatsuna suna buɗewa da kansu kamar bakin mai hamma. Igiya ta sulale, guga ya ce tsundum. Ɗana ya aro ƙugiya ya fito da shi. Ni kuwa na zauna a ƙasa ina kiran sunan da nake kiran ubansa da shi, don na ga gidan ya kuɓuce mini tare da igiyar. Cikin kuka na ɗauko na'urar na nuna masa.

Washegari ya kai mu likita, ni da na'urata. Kine ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta tambaye ni yadda muke lugude. Na ce ɗaya na sauke taɓarya ɗaya na ɗagawa, shi ya sa mukan wuni muna daka. Ta ce to naman jiki ma haka yake: kuran mai sauri marar yankewa yakan ba shi ƙarfi sosai, amma nan da nan ya zuƙe shi, wanda ke bugawa yana hutawa shi ke gina shi. Ta ce wa ɗana hannun bai mutu ba, gajiya na ɗora masa, ya ba ni lokaci. 'Yar Jiratawa ta tsoma baki daga gadonta, wai an kai rago kasuwa ya kwanta. Har ɗana sai da ya murmusa, ya ce ya ɗaga mini zuwa kaka.

Na bar wa kine na'urar, na bi tsarinta da shirunta duka. Da aka girbe hatsi ɗana ya dawo, na zura guga, na ja, na ɗora igiyar a kan icen bakin rijiya na numfasa, na sake ja, har ruwa ya iso hannuna. Da shi ya yi alwala ya koma Maraɗi shi kaɗai.

'Yan uwana tsofaffi, kada ku sayi irin wannan abu ku liƙa wa kanku ba da sanin masu aikin ba, kuma kada ku raina hutun da suka tsara. Abin da ke sa ni kuka shi ne, maigidana ya yi shekara da shekaru yana gaya mini wannan magana a bakin rijiyar nan ban ji ba, sai da ƙarfe ya faɗa mini. Yanzu kowace safiya in na tsaya numfasawa a tsakiyar ja, nakan ce masa, Malam, ga ni ina hutawa.