Ranar da Inna Ta Je Birnin Kebbi Ta Sama

Ina aikin jinya a Shagari lokacin da matar ƙanena ta haihu a Abuja. Ya bugo waya ya ce lallai in kawo masa Inna, mahaifiyarmu, kuma a jirgin sama. Ni ma ban taɓa hawa ba, amma ban gaya wa kowa ba.

Da hantsi muka bar garinmu Dandin Mahe a kan babura biyu, muka shiga bas zuwa Bodinga, daga nan keke mai ƙafa uku ya ƙarasa da mu filin jirgi. Kafin mu isa duk mun jigata.

Muna zama aka sanar cewa jirgin zai fara tsayawa Birnin Kebbi ya ɗauki fasinja. Inna ta san hanyar sarai, don yayarta na aure a can, kuma mota kan cinye mata rabin yini. Ta tuɓe takalma, ta gyara mayafi.

"In munka kai Jega ki tashe ni," in ji ta.

Da jirgin ya zabura, ta damƙe hannuna, ni kuma na damƙe nata fiye da haka. Ta juyo ta dube ni.

"Ashe ke ma baƙuwa ta?"

Dariya ta kama mu, muka kasa tsayawa. Ta manta da barci, ta manna goshi a taga tana neman gonarmu ta albasa. Duk koren fili da ta hango sai ta rantse ita ce. Ina cikin yi mata gardama na ji jirgin ya fara yin ƙasa. Na duba agogo, ko rabin awa ba mu yi ba.

"Mi ya hwaru? Ya lalace?"

"Mun iso Birnin Kebbi, Inna."

Ba ta yarda ba sai da ta tambayi ma'aikaciyar jirgin, sannan ta tambayi wani dattijo a bayanmu. Shi ma ya tabbatar. Sai ta riƙe baki, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba don dariya.

"Ina Tambuwal? Ina sunka kai Aliero?"

Muna tsayawa ta ce in kira mata yayarta.

"Yaya, ga ni garinku, amma ba ni sauka."

Yayar ta ce ta daina yi mata wasan yara, ai ɗazun nan suka yi magana tana Bodinga. Inna ta ce to ta fita tsakar gida ta dubi sama, yanzu za mu wuce.

Da muka sake tashi, Inna ta cire mayafinta ta yi ta kaɗa shi a jikin 'yar tagar nan, har garin ya ɓace a ƙarƙashin gajimare. Daga baya muka ji yayar ta fito da duk matan gidan, sun yi ta ɗaga wa jirgin hannu, har tuwonta ya kama.