Awon Geron da Na Yanke

A shekarun da harkar fim ta yi sanyi, taki kuma ya fi ƙarfin talaka, gidan rediyon da nake tace sauti ya rage ma'aikata. Na koma ƙauyenmu da ke gabas da Ɗambatta da tsohuwar kwamfuta, ina noma kamar kowa.

Wata safiya gab da faɗuwar damina, taubashina ya yi sallama a zaure da leda cike da faya-fayan bidiyo. Manomi ne da ya haura hamsin, ya kuma sha fitowa a fina-finai a matsayin mai gadi ko mai awo. Ya ji ana neman wanda zai fito a uban jarumi a wani fim mai dogon zango, kuma mai zaɓen 'yan wasan ta ce kowa ya aiko da gajeren bidiyon wasanninsa, kada ya wuce minti uku.

"In wannan ta wuce ni," in ji shi, "na bar fim ke nan. Kasuwar Dawanau zan tafi dakon buhu, da wannan bayan nawa."

Kwana huɗu na yi a kan aikin. A rediyo an horar da mu cewa shiru aibi ne, don mai sauraro zai zaci tasha ta ɗauke. Saboda haka na yi yadda na saba: na rufe ido ina saurare, duk inda magana ta tsaya na datse. Na fito da minti biyu da rabi, muryarsa tar, babu gargada.

Ya kalla har ƙarshe, ya cire hula ya sosa kai.

"Malam na rediyo, ai mai shela ka mai da ni. Ina awon geron?"

"Wane awo?"

"Ka ji bawan Allah! Da ƙeya ka kalli fim ɗin?"

Na nemo wurin a cikin abin da na zubar. A fim ɗin yana awo a kasuwa aka zo aka gaya masa ɗansa ya rasu. Ni abin da kunnena ya ji a nan hayaniyar kasuwa ce kawai, ta daƙiƙa ashirin da biyu. Wannan karon na kashe sautin, na buɗe ido. Bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da zuba gero a kwanon da ya riga ya cika, geron yana zubewa a kan ƙafarsa, shi kuma yana ƙara wani tafin a kai, yana gyara masa tsini da yatsa kamar yadda masu awo ke yi. Na kalla sau uku.

Na wargaza aikin gaba ɗaya. Na zubar da rabin maganganun da na yi ta gogewa, na kawo awon geron farko. Hannuna ya yi ta kaiwa kan wannan shirun zai rage shi, ina janyewa. Ya so mu fara da sallama da gaisuwa, wai kada mai zaɓen 'yan wasan ta ce ba shi da ladabi. A nan ne na ƙi.

"Ka gaishe ta idan ta kira ka," na ce.

Muka je Ɗambatta ranar kasuwa, inda sabis ke da ƙarfi, muka tura.

Muna tsakiyar noman fari ta kira. Ya tsaya a kan kunyar gona da fartanya a kafaɗa, yana ta "na'am, Hajiya, ranki ya daɗe." Ta ce ya zo Kano ranar Asabar. Ta kuma tambaya wa ya haɗa masa bidiyon, don yawancin masu tacewa da sun yanke farkon.

"Wani ƙanena ne," ya ce, yana kallona. "Yana ɗan ƙoƙari."

Na girme shi da wata bakwai. Ya samu matsayin, kuma ni na ƙarasa masa noman gonarsa a wannan daminar. Na tace shirye-shirye masu yawa a rayuwata, amma idan aka tambaye ni aikin da na fi alfahari da shi, waɗannan daƙiƙoƙi ashirin da biyun nake ambata.